Lasifika Mai Tsada: Ɗakin Ma Yana Da Baki

Zancenmu na yau kan lasifika ne, irin manyan nan na falo masu tsada, waɗanda ake saye biyu-biyu.

Kai ɗan kasuwa, ka san wannan rigimar. Alhaji ya ji kaya a shago, ya yaba, ya biya. Kwana biyu sai ga shi ya dawo, wai an sauya masa. Alhali ba wanda ya sauya komai, ɗaki ne ya bambanta. Abin da kunne ke ji rabi daga lasifika yake, rabi daga bango da ƙasa da rufi. In ba ka iya yi wa mai saye wannan bayani ba, ga asarar ciniki, ga zubewar mutunci.

To, yaya abin yake? Makiyayi ya riga mu sani. Ganga, ko tana bayan tudu kana jin ta. Sarewa kuwa sai ta fuskanto ka take fita tas. Haka amo yake. Mai kauri, wanda samari ke kira bes, bazuwa yake ko'ina. Siririn amo kuwa miƙewa yake kamar hasken tocila. Shi ya sa ake raba aikin cikin akwati ɗaya: babban faifai na ƙasa ya ɗauki mai kauri, ƙaramin na sama ya ɗauki siriri.

Daga nan ka samu doka ta farko: ƙaramin faifan nan ya yi daidai da tsayin kunnenka in kana zaune. Mai zama kan kujera da mai zama kan darduma ba tsayinsu ɗaya ba.

Ta biyu, murhu. Lasifika biyu da wurin zamanka su zama kamar duwatsun murhu uku, tazara ɗaya. In mita 2 ne tsakaninsu, kai ma mita 2 daga kowace, ka ɗan karkato su wajenka. In ka dace, muryar mai magana za ta fito daga tsakiya, inda babu lasifika ko ɗaya.

Ta uku, bango. Kusantar bango na ƙara kauri, lungu ya fi ƙarawa, har ya zama gurnani ya haɗiye magana. Amma a nan sai ka dubi ƙirar akwatin, don kowace da abin da take so. Ga misali uku.

A 1946, wani Ba'amurke, Paul Klipsch, ya fara ƙera lasifikar da ake kira Klipschorn. Cikinta a naɗe yake kamar ƙaho, kuma an yi ta ne don lungu: bango biyun su ne ƙarashen bakin ƙahon. Fitar da ita tsakar ɗaki, kaurinta ya ragu.

A 1957, kamfanin Quad na Ingila ya fito da wata mai faɗi kamar allo. Maimakon faifai, wata siririyar leda ce ke kaɗawa da ƙarfin lantarki, tana fidda amo gaba da baya. Wannan in ka manna ta da bango ka kashe ta. Tana son fili bayanta, kamar mita guda. Kuma irinta na jan ƙura, sai a kula lokacin hunturu.

Sai wata ƴar ƙarama, LS3/5A, wadda injiniyoyin BBC suka tsara a shekarun 1970 don motocin ɗaukar shiri, inda wuri ya yi ƙunci. Tsayinta kamar santimita 30 ne, akwatin a rufe ruf. Ba ta girgiza ɗaki, amma murya na fita sarai, kuma har yau ana sayenta da tsada. Ka ga ke nan girma ba shi ne kyau ba. Ƙaramin ɗaki, ƙaramar lasifika.

Yawancin waɗanda ke shigowa kasuwanninmu kuwa masu rami ne, inda iska ke fita don ƙara kauri. Juya akwatin ka duba. In ramin na baya, ba shi aƙalla kamu ɗaya daga bango, ka riƙa matsarwa kaɗan-kaɗan kana saurare. In yana gaba, ko babu rami sam, ta fi haƙuri da bango.

Saura ɗakin kansa. Tsaya tsakiya ka tafa sau ɗaya. In ka ji amsa-kuwwa na bin tafin, ɗakin zai cakuɗa maka sauti. Tayil da siminti da gilashi da rufin kwano maido amo suke. Darduma, labule mai kauri, katifa da kujerun soso shanye shi suke. Shimfiɗa darduma tsakaninka da lasifika tukuna, kafin ka ce kaya jabu ne.

Kada a manta da waya: ja ga ja, baƙi ga baƙi, duka biyun. In ɗaya ta juye, faifan wannan na turawa, na waccan na ja, sai kaurin ya ɓace.

Malam makiyayi, kai ma da naka rabo. Ƴar rediyonka in ta fuskance ka, ka jingina ta kusa da bango ko bakin ƙwarya, muryar na ƙara cika ba sai ka ƙure ta ba, batir ma ya ɗan ƙara kwana.

Don haka, mai saye, auna ɗakinka kafin ka auna aljihunka. Mai sayarwa kuma, tambayi girman falon da abin da aka shimfiɗa a ƙasa kafin ka faɗi kuɗi. Tambaya biyu ce, amma tana hana kaya sake tsallako iyaka.