Masaukin Bayin Allah a Bakin Kogin Rhone

A birnin Liyon na ƙasar Faransa akwai wani dogon gini na farin dutse wanda ya miƙe a gaɓar kogin Rhone har tsawon mita 375, da wata babbar ƙubba a tsakiyarsa. Baƙo zai ɗauka fadar sarki ce, alhali kuwa don matalauta aka gina shi. Sunansa Hôtel-Dieu, wato masaukin bayin Allah.

Asalin gidan yana haɗe da gada. A ƙarni na 12 Liyon ita ce mashigar fatake da masu ziyarar ibada waɗanda suka nufi duwatsun Alps da ƙasar Italiya, kuma tilas ne su ƙetare Rhone, kogi mai ƙarfin gudu. Takardun shekarar 1184 sun ambaci wata ƙungiyar addini da ke kula da aikin gada, tare da ɗan masauki a gindinta. Aikinsa bai bambanta ƙwarai da na zango a ƙasar Hausa ba: matafiyi ya sami wurin kwana da abin taɓawa, wanda ciwo ya kayar kuma a yi jinyarsa.

Sannu a hankali masu jinya suka rinjayi matafiya, masauki ya zama asibiti. A 1532 aka naɗa François Rabelais likitan gidan, kuma a wannan shekara ce littafinsa Pantagruel ya fito a Liyon. Bai daɗe ba, gama a 1535 aka ba wani gurbinsa saboda ya yi tafiya ba da izini ba.

Wanda ya lura da fasalin ginin zai karanta tunanin mutanen dā game da cuta. A ƙarni na 17 aka gina manyan ɗakuna huɗu da siffar gicciye, suka haɗu a ƙarƙashin wata ƙaramar ƙubba, inda aka kafa bagaden ibada. Ta haka kowane majinyaci yana iya bin addu'a daga gadonsa. Ban da wannan, likitocin zamanin sun gaskata cewa gurɓatacciyar iska ce ke yaɗa cuta, saboda haka aka so ƙubba ta riƙa zuƙe iskar ɗakuna tana fitar da ita sama.

Wannan dabara ce Jacques-Germain Soufflot ya faɗaɗa sa'ad da aka danƙa masa tsara sabuwar fuskar gidan a 1741. Shi ne wanda daga baya ya tsara ginin Panthéon a Paris. Babbar ƙubbar, mai tsayin mita 32, an gama ta a 1764, amma sauran fuskar ginin ba a kammala ta ba sai a ƙarni na 19.

Domin a gane amfanin wannan tsari, ya kamata a dubi takwaransa na Paris, wanda shi ma sunansa Hôtel-Dieu. Bisa ga abin da aka gada, Bishop Landry ne ya kafa shi a shekarar 651, a tsibirin da ke tsakiyar kogin Seine, inda majami'ar Notre-Dame take. Wurin matsattse ne, jama'a kuwa ta yi yawa. Tsakanin 1737 da 1748, cikin majinyata huɗu ɗaya yakan mutu a can, a Liyon kuwa ɗaya cikin goma sha huɗu. Gobara ta cinye sashe babba na gidan a 1772, sa'an nan a 1788 likita Jacques Tenon ya wallafa rahoton da ya nuna yadda ake cusa mutum huɗu ko fiye a gado ɗaya. Daga ƙarshe an rushe tsohon ginin, aka buɗe sabo a ɗaya gefen dandalin majami'ar a 1877, da ɗakuna a rarrabe domin iska da haske. Likitocin dā ba su san ƙwayoyin cuta ba, amma sarari da iskar da suka nema sun ceci rayuka.

Gidan Liyon ya ci gaba da tafiya da zamani. A 1896, watanni kaɗan bayan gano hasken da ke nuna ƙashi, likita Étienne Destot ya soma ɗaukar irin wannan hoto a cikinsa. Duk da haka sau biyu ya tsallake rijiya da baya. A 1934 aka rushe maƙwabcinsa, asibitin Charité, ba a bar kome ba sai hasumiyar ƙararrawa, shi kuwa Hôtel-Dieu aka sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare. A watan Satumba na 1944, lokacin da ake ƙwato birnin daga hannun Jamusawa, wuta ta cinye babbar ƙubbar, aka sake gina ta bisa zanen Soufflot.

Abin da yaƙi bai yi ba, sauyin aikin likita ya yi shi. Dogayen ɗakunan dā ba su dace da na'urorin yau ba, don haka aka rufe asibitin a 2010. Bayan gyara mai tsada aka sake buɗe ginin a 2018 da kantuna da gidajen abinci da ofisoshi, a 2019 kuma otal ɗin InterContinental ya buɗe ƙofofinsa. A ƙarƙashin ƙubbar da majinyata suke ɗaga ido suna addu'a, yanzu masu hali ne suke zaman shaƙatawa.

Ra'ayin mutanen birnin ya rabu. Waɗansu suna cewa gida in babu mai shiga, rushewa yake yi, kuma da babu kuɗin 'yan kasuwa da ginin ya lalace. Waɗansu kuwa suna tunatarwa cewa da sadaka da wasiyyar masu hali aka riƙa ciyar da gidan domin marasa galihu, kuma amana ba ta tsufa. Farfajiyoyinsa dai a buɗe suke ga kowa, amma kwana a ciki sai mai kuɗi.

Wannan tambaya ba ta Faransawa kaɗai ba ce. Kowane gari mai tsohon asibiti, ko makaranta, ko zango, wata rana zai fuskance ta: idan aikin da aka yi gini dominsa ya ƙaura, wa ke da haƙƙin gadonsa? Liyon ta ceci bango da ƙubba. Ko ta ceci niyyar waɗanda suka kafa masauki a gindin gada, wannan hukunci ya rage ga masu sauraro.