Sanarwar Rufe Makaranta a Gidajen Rediyo



An nemi in ɗan yi bayani a kan yadda gidajen rediyo ke sanar da rufe makaranta ko ɗage ranar komawa. A ƙa'ida, sai an kai musu takarda mai sa hannu daga Ma'aikatar Ilmi ko shugaban makaranta, don kada a yaɗa ji-ta-ji-ta. Sukan karanta ta bayan labarai. Maimaitawa kuwa sau da yawa sai an biya.

To, amma rana takan canja. A 2014, saboda cutar Ebola, Ministan Ilmi, Malam Ibrahim Shekarau, ya ce a koma ranar 13 ga Oktoba. Daga baya aka dawo da ita 22 ga Satumba. Uban da ke ƙauye, idan ya ji sanarwar farko bai ji ta biyu ba, ɗansa na iya asarar karatun mako uku.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu ta ware kuɗin maimaita sanarwar makarantarmu, safe da yamma, kwana uku a jere.

Allah ya ba mu iko, amin.