Sodar Sabulu da Maƙoshin 'Ya'yanmu



A 'yan shekarun nan mun yi ta murna da yadda matanmu na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura suka koyi haɗa sabulu, kuma da yawanku ne kuka ba da jarin. Allah ya saka da alheri. Sai dai wannan sana'a ta shigo mana da baƙuwa cikin ɗakunanmu, wato soda. Idan an jiƙa ta, ba ta da launi, ba ta da wari, ba a bambanta ta da ruwan sha. Akan kuma zuba ta a gorar ruwa ko kwalbar lemo, a ajiye a gindin randa. Yaro mai ƙishirwa kuwa ba ya tambaya.

Maƙoshi bututu ne da abinci ke bi zuwa tumbi, tsawonsa a jikin babba kimanin santimita 25. Soda tana ƙone shi ta ciki. Bakin yaron yakan warke har iyaye su saki jiki, amma daga mako na uku tabon ƙunar yakan fara tsuke hanyar. Sai tuwo ya ƙi wucewa, daga baya koko ma ya gagara, yaro ya yi ta ramewa. A nan ne wasunmu ke cewa sammu ne, a ɓata watanni ana neman makari.

Alhali akwai magani. Tun a 1674 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana yadda ya taimaki mai fama da haɗiya da sandar ƙashin kifin teku mai soso a baki. A yau likita yakan sa wa yaro maganin barci, ya zura siririyar na'ura mai kyamara har inda hanyar ta tsuke, ya shigar da wani ɗan balan-balan a saɓe, ya hura shi a hankali har tabon ya buɗe. Ba a gamawa a zama ɗaya. Akan maimaita bayan 'yan makonni, wani lokaci har tsawon watanni. Akwai haɗarin maƙoshin ya yage, shi ya sa aikin na ƙwararru ne kaɗai. Idan ya faskara, sai tiyata, a yanko wani sashe na hanji a yi sabuwar hanya.

Irin wannan jinya sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988. Abin da yakan karya talaka shi ne kuɗin mota da masauki na zuwa bayan zuwa, har ya yanke jinyar a tsakiya.

Don haka roƙonmu uku ne. Na farko, duk wanda ya ba da jarin sabulu ya haɗa da akwati mai kwaɗo. Na biyu, ku faɗa wa mutanen gida: idan yaro ya sha soda, kada a sa shi amai, domin za ta sake ƙone shi a hanyar fitowa, kada a ɗura masa manja, a garzaya asibiti. Na uku, mazauna Kano ku buɗe ƙofofinku ga masu jinya, ƙungiya kuma ta ware musu kuɗin mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haka kuma duk dattijon da haɗiya ta fara yi masa wuya, a kai shi a duba da wuri, domin ciwon daji ma yakan fara da haka.

Allah ya kare mana zuri'a, ya mayar da kowa gida lafiya.