Hutu a Lesotho, Masarautar Kan Duwatsu

Duk mai shirin zuwa hutu Lesotho ya fara duba wata kafin ya yanki tikiti. Lokacin da damina ta kankama a nan, daga Yuni zuwa Agusta, can hunturu ne har da ƙanƙara, domin ƙasar kacokan a kan tudu take. Ko wurin da ya fi gangarawa ya kai kimanin mita 1,400 sama da teku. Afirka ta Kudu ce ta kewaye ta ta ko'ina, kuma ana karɓar rand kamar yadda ake karɓar loti, kuɗin ƙasar.

Wanda ya tsaya a Maseru, babban birnin ƙasar, kawai ya juyo, a ganina bai ga komai ba. Kusa da birnin akwai Thaba Bosiu, dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, inda Sarki Moshoeshoe na Ɗaya ya kafa sansaninsa a 1824 ya haɗa kan Basotho, mutanen ƙasar, kuma kabarinsa na nan a sama. Daga nan a nufi Semonkong, inda ruwan Maletsunyane ke zubowa daga tsayin mita 192. Mutanen yankin kan hau guntayen dawakai masu sanin kan tsauni, lulluɓe da bargon ulu mai zane, wanda shi ne sutura da ado a wurinsu. Baƙo ma yakan yi hayar doki da ɗan jagora, ya kwana a ƙauye.

Mai son shigowa daga Afirka ta Kudu ta mashigar dutse ta Sani kuwa, sai da mota mai jan ƙafa huɗu, da fasfo a hannu, kuma ya isa iyaka da rana kafin a rufe ta.