Me Ya Hana Su Komawa Wata?

(Jawabin da aka gabatar a gaban ƴan kasuwa da ma'aikata a Birnin Ƙwanni)



Daga tashar Ƙwanni har rumfunan Malbaza da Ilela, duk inda aka taɓo zancen saukar Amurkawa a kan wata a watan Yuli na 1969, sai wani ya ce: in da gaske sun je, me ya hana su komawa? Tambaya ce mai nauyi, ban kuwa zo in raina mai yin ta ba. Wanda gwamnatoci suka sha yi wa ƙarya yana da hujjar yin shakka.

Amma sun je. Sau 6 suka sauka tsakanin 1969 da 1972, mutum 12 suka taka ƙasar wata, suka kwaso duwatsu kilo 382. Tarayyar Sobiyet, abokiyar gabarsu, wadda ke da na'urorin bin sawun kumbo, ba ta taɓa ƙaryata su ba. A 2021 kumbon Indiya ya ɗauko hoton wurin da Apollo 11 ya sauka.

To, ina rokar Saturn V? Zanenta yana nan ajiye a Amurka. Abin da ya watse shi ne mutane, kusan 400,000, da masana'antun da suka ƙera ta. A 1966 hukumar NASA na cin wajen kashi 4 cikin 100 na kasafin kuɗin ƙasar. Daga baya rabonta ya faɗo ƙasa da kashi 1. Aka rufe ma'aikatu, maƙera suka tsufa, dabarun da ke hannunsu ba su shiga takarda ba. Sai da matasan injiniyoyi suka kwance tsohon injin F-1 gunduwa-gunduwa don su gane yadda iyayensu suka haɗa shi. Har kaset na asali na saukar farko, NASA ta amsa a 2009 cewa da alama an goge shi an sake ɗaukar wani abu a kai. Sakaci ne na ofis, irin wanda ma'aikatan da ke zaune a nan ba sai na fassara musu ba.

Mu ma mun ga irinsa. A 1965 Nijar ta kafa ONERSOL, ofishin binciken makamashin rana a Yamai. Farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, ya shugabance shi shekara da shekaru, ana ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da zafin rana, tun ƙasashe da yawa ba su farka ba. Ya rasu a 1991. Jami'ar Yamai na ɗauke da sunansa, amma ina masu ƙirar da ya horar? Wane ɗan majalisa ya taɓa tashi ya tambayi kasonsu a kasafin kuɗi? Alhazai, ku kuka fi ni sanin daga wace ƙasa ake yo odar farantan hasken ranar da kuke saukewa a kasuwar nan.