Ina Bakin Samarinmu Ya Tafi?

Mai girma shugaban taro, malamanmu iyayenmu, Allah Ya ƙara muku lafiya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake haɗuwa.

An umarce ni in yi magana a kan wani ƙorafi da ake yawan yi a zaurukanmu, wai samarin yanzu zuciyarsu ta mutu, ba su tambaya, ba su musu, duk inda aka kaɗa su nan suke bi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma zancen yana da saura.

Mu tuna baya kaɗan. Waɗanda suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950 yawancinsu samari ne, kuma sun sha ɗauri a hannun En'e saboda sun ce talaka ma mutum ne. A 1978 ɗalibai sun fito kan ƙarin kuɗin abinci da masauki a jami'o'i, har aka rasa rayuka a Samarun Zariya. A 1979 Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin muna cikinta. Wannan soke haraji ba daga sama ya faɗo ba. Shekaru talatin aka yi ana faɗa a kansa.

To, yau fa? Yaron da aka haifa a Batsari ko Safana ya tashi ne da dajin Rugu a bayansa. Ya ga an yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, ya ga sulhun ya wargaje. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutane kimanin 30 a Tsauwa da Dankar. A 2021 aka yanke layin waya, aka rufe kasuwannin dabbobi. Jama'a, wanda ya kwana a kan rufin ɗaki yana sauraren ƙarar babura, da safe ba muhawara ce a gabansa ba. Ana ta kai wa yake ta kaya?

Kuma ba gaskiya ba ne a ce sam ba su motsa ba. A watan Yunin 2020 samari sun tare hanya a 'Yantumaki, wasu kuma sun yi zanga-zangar lumana a birnin Katsina. A watan Agustan 2024 sun sake fitowa saboda tsadar rayuwa. Da gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, 'ya'yan ƙauyukan nan ne suka shiga. Wanda ya rungumi wannan aiki ba a kiransa matsoraci.

Inda nake ganin ciwon yake shi ne nan: fushi yana nan, tsari ne babu. A fito yau, a ƙona taya, gobe kowa ya kama gabansa. Samarin NEPU suna da rassa a garuruwa, suna karanta jarida a bainar jama'a, sun san abin da suke nema. Namu kuwa, da zarar zaɓe ya ƙarato, sai ka gan su bayan motar ɗan takara suna kirari, an ba su kuɗin mai da taliya. Alhali tun 2018 doka ta ba mai shekara 25 damar tsayawa takarar majalisar jiha. Su nawa ne a nan suka ma san da ita?

Malamaina, ku gafarce ni, akwai kuma tarbiyyar da ke haɗa ladabi da shiru. Yaro ya tambayi dalili, a ce ya cika tsaurin ido. Wanda aka hana shi tambayar malaminsa a aji, yaya za a yi ya tambayi shugaban ƙaramar hukuma inda kason wata ya shiga?

Don haka ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Mu farfaɗo da ƙungiyar muhawara ta makarantarmu, mu ɗauki nauyin kyaututtuka, a riƙa ba yara batutuwan garinsu: tsaro, taki, kasafin kuɗin ƙaramar hukuma. Sannan duk zangon karatu, biyu daga cikinmu, lauya ko ɗan jarida ko ma'aikaci, su zo su koya musu yadda ake rubuta takardar koke da inda ake kai ta. Ina fatan sakatare zai buɗe takardar sunaye kafin mu tashi.