Kamfas a Cikin Kwale-kwale: Hanyar Gida Ranar Hazo

Gaisuwa ta musamman ga iyalan da suke zaune a bakin ruwa, daga Yawuri zuwa Bussa, daga Numan zuwa Ibi, har da 'yan'uwanmu da suke sana'ar su a tafkin Lagdo a ƙasar Kamaru. Yau za mu yi magana a kan wani ɗan abu wanda bai fi tafin hannu girma ba, amma yana iya komo da maigida wurin iyalinsa. Sunansa kamfas.

Wata shekara da hunturu mun kai ziyara wani ƙauyen masunta a bakin tafkin Kainji. Tafkin nan ya samu ne bayan an gama madatsar ruwa a shekara ta 1968. Tsawonsa ya wuce kilomita 130, faɗinsa kuwa a tsakiya ya wuce kilomita 20. Mun tarar da mai masaukinmu, wani dattijo, yana jin ɗumi, muryarsa a dishe. Muka ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "'Ya'yana, shekaranjiya a kan ruwa na kwana, ni da jikana." Sun fita da asuba domin su janye raga, sai hazo ya rufe. Ba gaɓa, ba tudu, ba rana. Ya tada inji ya nufi inda zuciyarsa ta ce masa nan ne gida. Suka yi ta tafiya har mai ya ƙare, ashe kewaya suke yi. Sai washegari wasu masunta suka tsince su. Mutumin nan ya fi shekara 40 yana su, ya san ruwa kamar yunwar cikinsa. Amma duk saninsa a ido yake, ranar nan kuwa ido bai ga kome ba.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Iyayenmu da rana suke gane gabas, da dare kuma su dubi taurari kamar gamzaki da kaza da 'ya'yanta. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da jirgin da ya ɗauki Manzo Bulus a Ayyukan Manzanni sura 27. Mutum 276 ne a ciki, da ƙwararrun matuƙa, amma da hadiri ya ɓoye rana da taurari kwana da kwanaki, ba su san inda suke ba, har jirgin ya farfashe a tsibirin Malita. A zamanin nan ba kamfas. Sai wajen shekara ta 1100 mutanen ƙasar Sin suka rubuta cewa matuƙansu suna duban allurar maganaɗisu sa'ad da gari ya yi duhu.

Ga yadda yake aiki. Duniyar nan kanta kamar babban maganaɗisu take. In aka bar allurar maganaɗisu ta juya yadda take so, kullum sai bakinta ya nufi arewa. Ba ta bukatar batir, ba ta bukatar mai, ba ta bukatar sabis na waya. A fuskar kamfas akwai lambobi har 360. Arewa ita ce 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Harufan Turanci ne a kai: N arewa, E gabas, S kudu, W yamma. Wanda bai yi makaranta ba ma yana iya riƙe waɗannan a rana ɗaya.

To, in mun je saye, me za mu duba?

Na farko, mu sayi mai ruwa a ciki. Kwale-kwale ba ya tsayawa cik, allurar da ba ta cikin ruwa sai ta yi ta rawa, ba za a iya karantawa ba. Ruwan shi ne yake kwantar da ita. Mu ɗaga shi mu duba cikin haske. In mun ga babban kumfa yana yawo, alama ce yana yoyo, mu ajiye musu abinsu.

Na biyu, mu duba girman lambobi. Mai riƙe da inji yana zaune a baya, ruwa yana fantsama, ido kuma ya gaji. Mu ja da baya kamar taku biyu, in ba mu iya karanta lamba ba, ya yi ƙanƙanta. A sami mai ɗan layi a gaba wanda yake nuna inda goshin jirgi ya dosa. In lambobinsa suna haske cikin duhu, ya fi kyau, gama yawancin fitarmu da asuba ne.

Na uku, mu gwada shi a gaban mai sayarwa, kada mu ji kunya. Mu fita waje, nesa da mota da ƙofar ƙarfe. Mu riƙe shi a miƙe mu ga lambar da ya tsaya a kai. Sai mu kawo ɗan mabuɗi kusa har allurar ta kauce, mu janye. Mai kyau zai komo daidai inda yake dā, ba da jinkiri ba. Mu yi haka ta dama da ta hagu. In ya maƙale, ko ya tsaya a wata lamba dabam, bakin da yake juyawa a kai ya lalace. Mu karkata shi kaɗan kamar yadda igiyar ruwa take yi, mu ga ko yana juyawa ba tare da gugar gilashi ba. Waɗansu an ƙera su domin ƙasashen arewa masu nisa, in sun zo nan sai fuskarsu ta karkace. Irin na wasan yara da ake liƙawa a jikin mabuɗi ko tocila, kada mu ɗora ranmu a kansa. Arha ba ta ado, balle a tsakiyar ruwa.

Saye rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne inda za a ajiye shi. Ƙarfe yana jan allura, maganaɗisu kuma ya fi ja. A cikin injin jirgi akwai maganaɗisu, haka a lasifikar rediyo da wayar hannu. Adda, da anka, da tocila, da batir, da gwangwanin mai, dukansu suna iya karkatar da shi. Abin tsoro shi ne, kamfas ɗin da aka karkatar ba ya nuna alamar ciwo, zai tsaya daram yana nuna hanyar da ba ita ba. Saboda haka a ba shi nisan mita ɗaya ko fiye daga waɗannan abubuwa. A kafa shi a tsakiyar jirgi a kan katako, layinsa yana duban goshin jirgi sosai. A ɗaure shi da igiya, ko da ƙusar tagulla wadda maganaɗisu ba ya kamawa. Bayan an kafa, a dubi lamba, a tada inji, a sake dubawa. In ta canja, a ƙara matsar da shi gaba.

Wani zai ce, "Kuskure kaɗan ai ba kome." Bari mu yi lissafi. In allura ta kauce da lamba 10 kawai, bayan tafiyar kilomita 6 mun bar hanya da kilomita ɗaya. A cikin hazo, kilomita ɗaya ya isa mutum ya wuce ƙauyensu bai gani ba.

Sai abu mafi muhimmanci. Ba ranar hazo ake koyon kamfas ba, ranar da gari ya yi garau ake koya. Sa'ad da muke barin gaɓa zuwa wurin raga, mu dubi lambar da jirgi yake bi. Hanyar komowa ita ce a ƙara 180, in kuwa lambar ta fi 180 sai a debe. Wanda ya fita a kan 70, zai komo a kan 250. Wanda ya fita a kan 270, zai komo a kan 90. A rubuta lambobin nan da fenti a jikin jirgi, a koya wa yaron da yake tare da mu, gama wata rana shi zai riƙe inji. Mu lura kuma da tsawon lokacin da tafiyar take ci.

Kamfas yana da iyakarsa. Yana nuna inda muka dosa, ba ya faɗin inda muke. Iska da gudun ruwa suna iya tura jirgi gefe. Dabarar ita ce, a ranar hazo mu nufi gaɓa ta hannun dama na ƙauye da gangan. In mun taɓa ƙasa mun san hagu za mu bi har gida. Ba ya ganin kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, saboda haka a rage gudu. Ba ya hana jirgin da aka cika wa kaya nutsewa, ba ya kuma maye gurbin rigar ruwa. Waya mai nuna hanya tana da amfani, amma caji yana ƙarewa, ruwa kuma yana kashe ta.

Ranar da hazo ya rufe, zuciya za ta ce gida yana can, allura ta ce yana nan. A wannan sa'a mutane da yawa suke ɓata, gama sukan ce abin ya lalace. In mun gwada shi ranar haske ya faɗi gaskiya, mu bi shi ranar duhu.

Iyaye mata, ku ma da ku muke. In kuɗin kifi ya shigo, ku tuna wa maigida. In ya fi ƙarfin mutum ɗaya, masu fita tare su yi adashi su saya ɗaya bayan ɗaya. Da muka koma ƙauyen nan bayan damina, dattijon ya kai mu bakin ruwa ya nuna mana lamba biyu da jikansa ya rubuta da jan fenti a jikin jirgi. Ya ce, "Wannan ta zuwa, wannan ta gida."

A nan za mu dakata. Allah ya kiyaye fitarku da komowarku, ya sa albarka a ragarku.